Albasa a Saman Ɗakin Amarya

Ko zan manta komai na aikin nan, ban jin zan manta Larabar da Ɗakin Amarya ta kwanta da mu a bakin ruwa. Wata biyu ke nan, amma har yau in mota ta ɗan karkata da ni sai in ji hannuna ya damƙe kujera. Sababbin ma'aikatan da aka turo mana sun yi ta tambayata abin da ya faru, ni kuwa na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Sunana Kulu. Ina gama sakandare aka ɗauke ni a sashen lafiya na tafi-da-gidanka a Yelwa. Ni ce ƙaramar kowa a muƙami: in rubuta katin marasa lafiya, in buga takardu a tafireta, in an aike ni in tafi. Shugabanmu Malam Tukur ne, jami'in lafiya, shi ke sa hannu a duk takardar da za ta tafi hedikwata a Sakkwato. Aikinmu kai magani da allura ƙananan ƙauyukan masunta, waɗanda muke ce wa tunga, da rugagen Fulani a gefen tafkin Kainji ta wajen Ngaski, inda kwalta ba ta kai ba.

Kullum mota ce ke kashe mana aiki. To akwai wata tsohuwar mota a bayan ofis da wani Bature mai binciken kifi ya bari. Irin wadda suke yawo da ita su kwana a ciki ce: ga gado, ga kabad, ga murhun gas da wurin wanke kwano, har da labule mai furanni. Don haka masinjoji suka sa mata Ɗakin Amarya. Injinta a baya yake, kuma lafiyarsa lau, sai dai ƙasa-ƙasa take, ko ɗan tudu ta taka sai cikinta ya daki ƙasa. Malam Tukur ya ce a kai ta wurin Baba Mamman, babban makanikin garejinmu, ya mai da ita motar daji. Ni aka ce in riƙa leƙawa kowace safiya in dawo in faɗi inda aka kwana.

Mako uku Baba Mamman ya yi a kanta. Tsoho ne, saura 'yan watanni ya yi ritaya, kuma ba ya gaggawa. Ya cire murhun da wurin wanke kwanon, ya bar kabad don magani, ya bar gadon don mara lafiya, ya ɗaura masa bel guda biyu masu faɗi. Ya ɗaga motar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora, ya datse gefen bodi don kada tayar ta riƙa goga. Ya yi waldar farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin saboda dutse da kututture, ya lanƙwasa salansa ta dubi sama. A ƙarshe ya yi mata kariya, wato maɗorin kaya na ƙarfe, a kan rufi, wadda ta kama daga gaba har baya.

Ran Litinin da ya gama, Malam Tukur ya tafi taro Sakkwato, direban da za a ba mu kuma bai iso ba. Ni ce na je karɓar makulli. Kafin ya miƙo mini, Baba Mamman ya dafa gefen motar da hannu biyu ya tura, sai na ga tana rausaya.

"Kin gani, ɗiyata? Na ɗaga ta don cikinta ya tsira, amma yanzu kanta ya yi sauƙin juyawa. Wagga kariya ta safaya taya ce, da shebur, da katakon da za ku shimfiɗa in kun kahe a laka. Ko buhu guda kada a aza mata. Duk abu mai nauyi ƙasa, cikin mota. Ki gaya ma Malam, ki gaya ma direba. Kin jiya?"

Na ce na ji. Har na rubuta a bayan wani kati na sa a jaka.

Ranar Laraba da sassafe muka shirya fita. Malam Tukur ya dawo a gajiye, yana ta faɗa a kan an makara. Na matsa kusa na ce, "Malam, Baba Mamman ya ce..."

"Ya ce ya gama, ko? To madalla. Shiga mu tahi, rana na yi."

Na shiga. Na ce a raina zan faɗa a hanya. A hanya kuwa Malam na gaba yana hira da sabon direba, Jatau, wanda ya shekara goma yana jan babbar motar albasa zuwa kudu. Ni ina can baya, injin na ƙara a ƙarƙashina. Kuma gaskiya motar ta yi abin mamaki: yashi, kwazazzabo, kututture, duk ta wuce. Jatau na dukan sitiyari yana cewa, "Amarya ta zama soja!" A kariya babu komai sai taya da katako. Sai na ga ai maganar ba ta taso ba.

Mun isa tungar da za mu, muka yi aiki har bayan azahar. Lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa mutum. Muna haɗa kaya aka kawo mana mahaifiyar Sarkin Ruwa, shugaban masuntan wurin. Ƙayar kifi ta soke ta a ƙafa, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Malam ya duba ya ce sai asibiti a Yelwa, yau ɗin nan. Muka kwantar da ita a gadon, na ɗaura mata bel ɗin nan biyu. 'Yan'uwanta suka ce za su biyo mu ta jirgi. Da akwatunan magani da ƙullin kayanta, cikin motar ya cika, sai ɗan wurin da zan zauna kusa da ita.

A nan sai na yi wa wanda bai san wuraren nan ba bayani. Ba a zuwa tunga a yi wa mutane aiki a tafi hannu wofi. Abin da suke da shi za su ba ka, kuma ba a mayarwa. In ka mayar, ka ce musu ke nan ka raina su, kuma zuwa na gaba ba za ka ga uwa ɗaya ta kawo ɗanta allura ba. Ballantana ranar da ka ɗauki uwar Sarki. Sai ga buhun albasa shida da kwando biyu na kifi banda an jere a gaban mota.

Jatau ya dubi kariya ya yi murmushi, ya haye. Samari suka fara miƙa masa buhuna.

Ina tsaye, katin na cikin jakata. Sarkin Ruwa na nan da dattawansa, Malam Tukur na ta godiya. In na buɗe baki, na gyara wa shugabana magana a gaban mutane, kuma na ce wa Sarki ya kwashe kyautarsa. Ni ƙaramar yarinya mai rubuta kati. Na zagaya bayan mota na ɗaga kai na ce a hankali, "Jatau, an ce kada a aza nauyi sama."

"Wa ya ce? Ke ɗiyar ohis, kin san lodi? Na ɗaure albasar da ta hi gidanku tsawo na kai ta kudu, ko guda ba ta faɗi ba. Miƙo min igiya."

Na miƙa masa igiyar. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau. Da hannuna na miƙa.

Hanyar komawa takan bi gefen tafkin, inda ruwa ya ja baya ya bar gangare. Tun da muka tashi na ji motar ta canja, kowane rami sai ta yi lilo kafin ta daidaita. Ba mu yi nisa ba muka iso mashayar shanu, inda kofato ya dame ƙasar ɓangaren ruwa. Da safe mun wuce wurin ba mu ma lura ba. Tayoyin hagu suka ɗan nutse. Ba gudu muke ba, wallahi mai tafiya a ƙasa zai iya wuce mu. Motar ta karkata, ta tsaya kamar tana shawara, na ji igiya ta yi ƙara a sama, sai ta tafi.

Na faɗa kan taga, akwatin magani ya danne mini ƙafa. Gilashin ya fashe, ruwa ya fara shigowa. Ruwan bai kai gwiwa ba in mutum na tsaye, amma ni a kwance nake, kuma na kasa tashi. Ya taɓa kunnena, ya taɓa gefen bakina. Na ɗaga wuya iyakar ƙarfina. Tsohuwar na rataye a samana cikin bel, tana salati, zanenta na taɓa fuskata. Ita ce ma take ce mini, "Ɗaga kanki, ɗiyata, ɗaga kanki." Ta gilashin baya ina ganin albasa na gangarawa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ya sa wannan ne ya fi zauna mini a ido ba.

Masuntan da ke gyaran komar kamun kifi a kusa su suka fasa ƙofa suka fitar da mu. Hannun Jatau ya karye, goshin Malam ya tsage. Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba, bel ɗin Baba Mamman ya riƙe ta. A jirgi mai inji aka ƙarasa da mu Yelwa. Da na isa gida Inna ta ga laka har cikin kitsona, ta ce aikin nan ya ishe ni haka nan. Kwana huɗu ban fita ba.

Ranar da na koma, Malam Tukur ya ba ni rahoton da ya rubuta da hannu in buga. Doka ce, duk hatsarin motar gwamnati sai an aika bayani Sakkwato. Na fara bugawa. A sakin layi na uku ya rubuta cewa ɗaga motar da makaniki ya yi ne ya jawo, kuma yana ba da shawarar a dakatar da shi a bincike shi. Ba ƙarya Malam ya shirya ba, abin da ya sani ke nan. Amma Baba Mamman, mutumin da ya yi aiki tun kafin a haife ni, zai fita da tabo a sunansa, saura watanni.

Na dakatar da bugun. Sannan na ciro katin, ya jiƙe ya bushe amma rubutun na nan, na shiga ofishinsa na ajiye a tebur. Na faɗa masa komai.

Ya karanta sau biyu. "Mi ya hana ki faɗi?"

"Na fara da safe, Malam, ka ce mu tahi. A tunga kuma Sarki na tsaye."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ya shafa filastar goshinsa. Sannan ya ce, "Ko da kin faɗi a tunga, ban san ko zan iya duban Sarki in ce a sauke ba." Ya yage rahoton ya rubuta wani: an ɗora kaya a kariya da izninsa, makaniki ya ba da gargaɗi, ma'aikaciyar da aka ba saƙon ba ta isar ba. Ni na buga shi, da sunana a ciki. Bayan mako biyu takardar gargaɗi ta zo mini, ta zo wa Malam. Tana cikin fayil ɗina, kuma ban ce ba ta dace ba.

Zuwa wurin Baba Mamman ya fi mini wuya. Na tarar an jawo motar gareji, yana kan rufinta da zarton ƙarfe. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri.

"Tashi, ɗiyata. Ƙafar ta warke?"

Na ce ta warke. Ya ci gaba da yanka.

"Laihina na ciki. Na yi kariya mai faɗi don ta yi kyau, sannan na aza tsaronta a bakin ƙaramar yarinya. Na san mutanenmu. Sarki ba ya iya ƙin badawa, Malam ba ya iya ƙin amsa, ke ba ki iya magana gaban manya. To bari ƙarfen ya ƙi, shi ba ya jin nauyin kowa."

Ya datse ta har ta koma daidai faɗin taya. Katakon da shebur ya yi musu maƙali a gefe. Yanzu ko kwando babu inda zai zauna a saman Ɗakin Amarya. Mun koma tungar sau biyu tun daga nan. Tsohuwar ta warke, kyautar ma ta ƙaru. Jatau, da hannunsa a rataye, yakan nuna musu rufin ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gani, babu wuri." Sai a yi dariya a ce za a aiko ta jirgi, ba wanda ransa ya ɓaci.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na biya shi da tsada. Saƙon da aka ba ka game da mota ka isar da shi tun tana tsaye a gareji, kafin a tara mutanen da za ka ji nauyinsu. In an katse ka, ka sake faɗa. Na kuma gane cewa makanikin kirki ba hanya kaɗai yake yi wa gyara ba, har da halin waɗanda za su shiga motar.

Gobe Laraba, akwai fita. Zan shiga, don aikina ne. Amma kujerar taga ta hagu, duk mai so a cikinku ya ɗauka.