Ƙafafun Teburan Bara

A layin kafintoci ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Ƙusa ake ce masa, har 'ya'yansa in za su yi wa baƙo kwatance sai su ce gidan Ba-Ƙusa. Dalilin sunan a fili yake. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa tebur da kujera, bai taɓa yarda ya buga ƙusa a mahaɗar ƙafa ba. Rami yake hudawa a katako, ya fiƙe ɗaya katakon ya cusa, ya sa gam, ya kulle da ɗan turken itace. Haka baffansa ya koya masa da rankwashi da zagi, shi ma a nan ya kafe. In mai saye ya nuna shakka, sai ya tattare riga ya haye tebur, shi da tumbinsa, ya yi tsalle biyu, ya ce wa mutum ya zo ya girgiza ya ji.

Mutane kuwa sukan girgiza, su yaba, su wuce shagon gaba su sayi kujerar roba. Daga baya aka shigo da wasu tebura na garin katako da aka matse, masu sheƙi, masu ƙafar noti, waɗanda in ruwa ya taɓa su suke kumbura kamar burodi. Su gari ya koma wa. Ba-Ƙusa ya zama mai gyaran ƙofa da ƙafar gado, wani lokacin ya wuni yana share shago sau uku don kada a ce zaune yake. Abin da ya riƙe gidan a shekarun nan firizar matarsa ce, wadda take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ta tagar ɗaki.

Ita ce ma ta ingiza shi neman kwangilar gwamnatin tarayya. Ƙaninta direban motar ɗaukar kaya ne, shi ya kawo mata labarin abin da yake gani duk ƙarshen shekara. Ma'aikatar da ba ta kashe kuɗinta ba, ragowar baitulmali yake komawa, baɗi kuma a rage mata kaso. Saboda haka mutanen da suka yi wata goma sha ɗaya suna cewa a dawo gobe, a watan ƙarshe sai su farka a firgice su hau saye ba ji ba gani: labule, tayoyi, kwandon shara, duk abin da za a iya rubuta wa takarda.

Ba-Ƙusa ya sha wuya kafin ya shiga sahu. Ya yi rajistar kamfani, shi da bai da ma'aikaci ko ɗaya. Ya yi sati biyu yana zarya kan takardar shaidar biyan haraji. Ya koyi cewa ambulan biyu ake yi, ɗaya na bayanin aiki ɗaya na farashi, in ka haɗa su waje guda an jefar da kai tun kafin a karanta. Ranar da aka buɗe akwatin tayi a gaban 'yan kwangila, ya zauna a kujerar baya cikin rigarsa ta fita kunya, yana jin ana karanto farashin manya. Nasa ne mafi araha, don shi bai san ana ƙara komai a kai ba. Tebur hamsin aka ba shi. Ya yi su, ya kai, aka biya shi, kuma tun daga ranar layin kafintoci bai huta ba. Ko labarin ruwan sama ake yi, sai ya san yadda ya karkato da shi ya ce ai yanzu haka manyan ma'aikata a kan aikinsa suke sa hannu.

Bana sanarwar ta makara. Tebur arba'in, kwana ashirin, kuma gwamnati ba ta ba da ko sisi sai kaya sun shiga sito an sa hannu a takardar karɓa. Katako ya yi tsada. Ya sayar da babur ɗinsa, bai kai ba. Ya sayar da ɗan filin da yake ta cewa zai gina wa yara, bai kai ba. Ranar da ya dawo yana ta jujjuya abinci a kwano bai ci ba, matarsa ta tashi ta zare wayar firiza daga bango.

"Maman yara, me kike yi haka?"

"Abin da ka kasa roƙo. In an biya ka, sabuwa nake so, mai ƙofa biyu. Kar ka dawo min da tatsuniya."

Kowane tebur, bisa sharaɗin kwangila, sai da ya ƙona masa hatimin ma'aikatar a sama da ƙarfe mai zafi. Wato in gwamnati ba ta karɓa ba, babu mahaluƙin da zai saya.

Ya gama ana gobe ranar aiki ta ƙarshe a shekara, hannuwansa duk sun yi kanta. Ƙarfe huɗu na yamma ake rufe karɓar kaya, bayan nan kuɗin ya koma inda ya fito. Da sassafe suka loda motar ƙanin matarsa, amma ashe kowa ma dabarar da ya yi ke nan. Layin motoci ya miƙe daga bakin sito har titi, masu katifu, masu kwalayen takarda, wani da injinan sanyaya ɗaki. Rana ta take. Ba-Ƙusa ya sauka ya hau ya fi sau ashirin, yana leƙa agogon hannun direba.

"Yaya, ka sayi agogon nan mana ka huta," in ji direban.

"Ja motarka, ɗan banza, ga gaba ta matsa."

Sai wajen ƙarfe ɗaya suka isa ƙofa. Mai sito wani dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, da alama tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya duba takardar, ya leƙa motar, ya shafa tebur ɗaya, har ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Sannan ya miƙo takardar ba sa hannu.

"Malam, babu wuri."

"Ranka ya daɗe, ban gane ba."

"Sito ya cika. Abin da bai shiga ciki ba kuwa bai iso ba, ko da a kan ƙafata ka ajiye shi. Zo ka gani da idonka, kar ka ce mugunta nake maka."

Ya bi shi ciki. Suka ratsa ta wani siririn lungu tsakanin kwalaye da tayoyi, har ƙuryar ɗakin. Mai sito ya nuna da biro. Tun daga ƙasa har kusa da rufi, tebura ne an kifa wani a kan wani, ƙafafu a sama. Ba-Ƙusa bai buƙaci a faɗa masa ba. Ya san ledar da ya naɗe su da ita, ya san ƙullin igiyarsa. Teburan bara ne, duk hamsin ɗin, ƙura ta yi musu bargo, gizo-gizo ya yi saƙa daga ƙafa zuwa ƙafa. Ko ɗaya ba a kwance ba. Ya ji kunya ta rufe shi kamar duk layin kafintoci na tsaye a bayansa.

"Ba a raba su ba?" in ji Ba-Ƙusa.

"Ofisoshin da za a kai su ba a gama ginin ba."

"To na bana fa? Me ya sa aka ce in yi?"

"Kuɗin tebur ne ya ragu, Malam. Kuɗin tebur kuwa ba a sayen fanka da shi."

Ba-Ƙusa ya haɗiye abin da ya taso masa, don ba lokacin fushi ba ne. Ya hau roƙo. A bar shi ya fito da na bara ya jera a baranda. Mai sito ya ce fitar da kayan gwamnati sai da takardar kwamiti, kwamiti kuma sai sabuwar shekara. To a sa hannu, kayan su kwana a mota. Mai sito ya ce saura masa wata bakwai ya yi ritaya, ba zai ƙarasa a gaban masu bincike ba. Ba-Ƙusa ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa, gardi mai furfura a gemu, ya faɗa masa maganar fili da babur da firiza, bai ɓoye komai ba.

"Tashi don Allah, kar ka ɗora min nauyi," in ji mai sito, ya kau da kai. "Laifin aikinka ne ma. Teburan sauran mutane noti ake kwancewa, a cire ƙafafu, a jingina saman a bango, hamsin su shige wurin biyar. Naka mu uku muka taru a kan guda ɗaya da guduma, ko gezau bai yi ba."

Ba-Ƙusa ya tsaya yana kallon tulin. Ya daɗe. Sannan ya tambaya a hankali, in masu bincike sun zo, me suke ƙirgawa?

"Hatimi. Inda hatimi yake, nan tebur yake."

"Hatimin a saman tebur yake," in ji Ba-Ƙusa.

Mai sito ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ni dai zan je in nemi abin da zan ci. Ƙofa a buɗe take. Ban ce ka yi komai ba, ban kuma ji ka ce komai ba."

Zarto ɗaya ne a akwatin aikinsa. Ya kira matarsa a waya ya ce ta buɗe shago ta ɗauko babban zarton da ke rataye, ta hau duk abin da ta samu ta zo. Shi da direban suka sauko da tebur na farko daga tulin na bara. Ya ɗora haƙoran zarton a inda ƙafa ta haɗu da gindi, ya tsaya. Ya tuna ranar da ya zaɓo katakon nan ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da duk mai idon reshe. Hannunsa ya ƙi tafiya.

"Yaya, ƙarfe biyu ta kusa," in ji direban, wannan karon ba wasa a muryarsa.

Ya ja zarton. Katako ne mai tauri, ya bushe sarai, kowace ƙafa sai da ta jiƙa shi da gumi kafin ta faɗi. Yana yanka yana tsine wa kansa, da baffansa da ke kabari, da ranar da ya fara jin kalmar kwangila. Da matarsa ta iso ta tarar da ƙafafu zube a ƙasa, garin katako har idon sawu. Ta kalli tulin, ta kalli ledar, ta gane. Ita ma ta sha ba wa matan unguwa labarin teburan nan a bakin taga. Ta miƙa wa ƙaninta zarton, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta danne tebur da hannu biyu.

"Yanka, Baban yara. Na riƙe."

Wannan ya fi masa zagi ciwo. Hawaye suka haɗu da gumi a fuskarsa, bai tsaya sharewa ba. Su biyu suna yanka, ita tana danna wa wannan ta koma ta danna wa wancan, ta tattara ƙafafun ta cusa a buhu, don su ma kayan gwamnati ne, ba za su fita ba. Direbobin da ke bayansu a layi suna ta danna oda. Tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe shi da hula ya ci gaba. Duk tebur biyar da suka jingina a bango, sai su ruga mota su shigo da sababbi biyar su kifa a gurbinsu.

Huɗu saura minti shida tebur na arba'in ya shiga. Mai sito ya dawo yana sakace, ya bi su da biro yana ƙirgawa, bai ko kalli wajen buhunan ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙo. Ba-Ƙusa ya karɓa da hannun hagu don na dama ya ƙi rufuwa. Matarsa ta zare takardar daga hannunsa ta linke ta soke a cikin riga, ta fita ta zauna a gaban mota ta rufe fuska da mayafi.

Shi ya tsaya yana kallon sababbin, a naɗe cikin leda, ƙafafu a sama, daidai inda na bara suka shekara. Man sheƙin da ya shafa musu jiya ko ƙamshinsa bai tafi ba.

"Aikinka na da kyau, Malam, tsakani da Allah," in ji mai sito yana jawo ƙofa. "Na ji an ce baɗi ma akwai kuɗin tebur. Ginin nan dai ba na ganin za a gama shi."

Ba-Ƙusa ya so ya tofa masa magana mai zafi, har ya buɗe baki. Sai ya hango matarsa ta gilashin mota, kafaɗunta na rawa. Ya sunkuyar da kai, ya rage murya yadda ba za ta ji ba.

"Ranka ya daɗe, wane wata za a liƙa sanarwar?"