Ƙunshin Ƙarshe na Ya Bintu

A wannan watan ne yayata Ya Bintu ke cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in raba a unguwa, in shiga ɗaki in yi kukana, shi ke nan. Bana kuwa na ce sai na rubuta, domin na kai shekarun da ta rasu a cikinsu, kuma ciwon da ya tafi da ita ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙafafuna. Ga shi 'yarta Fanna, wadda na riƙe tun bayan rasuwar, za a ɗaura mata aure bayan Sallah, kuma ni ce uwar amarya.

Duk wadda ta yi aure a unguwar Abbaganaram, nan cikin garin Yerwa, a wancan zamanin ta san Ya Bintu mai lalle. Sana'arta ke nan, ƙunshi da turaren wuta, kuma ba ta ɗauke ta da wasa ba. Idan mace ta yi sallama, ƙafarta take fara kallo kafin fuska. Ni da nake koyarwa a firamare a unguwar Gwange, ba kullum nake samun sukunin zama a yi mini ƙunshi ba, don haka ni ce abin tsokanarta. Da na cire takalmi a bakin ƙofa sai ta riƙe haɓa ta ce, “Malama, ke da allin makarantarku kun zama launi ɗaya. Zauna in rufa miki asiri.” A wurinta mace ba lalle miya ce ba gishiri, kuma tana faɗa ko a gaban wa.

Ƙafarta ita kanta, tun da aka kai ta ɗakin miji ban ƙara ganin fatarta ba. Kullum baƙa wuluk take, tana sheƙi, daga tafi har saman yatsu, wani ƙunshin bai kai ga kwailewa ba ta ɗora wani. Tana da wani ɗan madubi mai mariƙi, wanda take sa wa mace a ƙarƙashin ƙafa bayan an kwance, don ta ga yadda tafin ya kama. Har amaren da ke kukan barin gida sukan yi murmushi a cikin madubin nan.

Abin ya fara ne da dariya, kamar yawancin musibunmu. Wata rana ta dawo daga kasuwa da silifa ƙafa ɗaya, ɗayan ya fita tun a hanya ba ta sani ba, sai da maƙwabciya ta nuna mata. Mun yi dariya har da riƙe ciki, ita ce ma ta fi kowa. Bayan nan ta fara cewa yatsunta na minjirya, wani lokaci kamar an barbaɗa mata barkono a tafin ƙafa, wani lokaci kuma kamar ta sa safa alhali ba ta sa komai ba. Muka ce sanyi ne, muka ce tsayuwa ce, muka ce girma ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa likita ne a gidanmu, sai ranar da ciwon ya tsananta.

Da aka samu ta je asibiti, gwaji ya nuna ciwon suga, kuma ya daɗe a jikinta yana cin jijiyoyin ƙafa. Ni na raka ta, da kunnena na ji abin da likitan ya lissafa mata. Kada ta yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada ta tsoma ƙafa a ruwan zafi sai ta taɓa da gwiwar hannu, kada ta kusanci wuta da ƙafar, kuma kullum ta duba tafinta da tsakanin yatsu ko akwai rauni. Ya kalli baƙar ƙafar nan ya ce ta bar ƙunshi, don yana so a riƙa ganin launin fatar. Ta karɓi magani, ta daina zuba sukari a shayi, ta rage tuwo, duk da mita. Amma muna fitowa ta gyara lafayarta ta ce, “Namiji ne, me ya sani a lalle? In bar ƙafata fari fat, wa zai kawo mini tasa?”

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma duk rayuwarmu a kan wannan maganar muka dogara. Idan ƙaya ta soke ka, jiki zai gaya maka. Idan wuta ta matso, shi zai janye ka kafin ka yi tunani. Ba wanda ya taɓa koya mana abin da za mu yi ranar da jikin ya yi shiru, kuma Ya Bintu ba ta yarda cewa nata ya yi shirun ba.

Lokacin sanyi ne aka yi bikin 'yar maƙwabta. Bayan ta gama da amarya da ƙawayenta, wajen la'asar, ta kwaɓa nata ta shafa, ta ɗaure ƙafafun da leda da tsumma, ta jawo kasko kusa kamar yadda ta saba, domin ɗumi ne ke sa lalle ya kama. Shekara da shekaru zafin ne ke gaya mata lokacin da za ta janye. Ranar bai gaya mata ba. Ta zauna tana hira da mata, tana ba da labarin wata uwar ango mai rowa, ana ta shewa. Wata ta ce tana jin ƙaurin leda, aka ce wani abu ne ya faɗa cikin garwashi. Da ta kwance, lalle ya kama kamun da bai taɓa yi ba, matan suka yi ta sa albarka. A ƙarƙashin baƙin nan, gefen ƙafarta ta hagu ya riga ya dahu.

Da ƙafar ta yi hidimar bikin har aka kai amarya, da ita ta taka rawa. Ba zafi, ba alama, baƙi a kan baƙi. Ko warin ma bai tona asiri da wuri ba, domin gida ne da turaren wuta ba ya mutuwa a cikinsa. Sai da ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan muka gane akwai magana. Nan ma ba asibiti muka nufa ba. Wasu suka ce ta taka abu ne, abokan sana'a suka binne mata. Wasu suka ce daji ne, shi kuwa ba ya son allura. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, mijinta na cewa a bi a hankali, ni ina faɗa ana ce mini boko ya ɓata ni.

Ranar da aka kai ta, malamar asibitin da ke wanke ƙafar ta ɗago ta tambaye mu inda lalle ya tsaya da inda mataccen nama ya fara. Mu ma muka duba, muka kasa bambancewa. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma da gaggawa. Ya Bintu ta juya fuska bango ta ce ita da ta ƙawata ƙafar rabin matan Yerwa ba za ta koma ga Ubangijinta da ƙafa ɗaya ba. Mun yi lallashi, mun yi kuka, mun kawo malaminta ya yi mata nasiha. Lokacin da ta amince, gubar ta riga ta shiga jini, bakin alƙalami ya bushe. Ta tafi da ƙafafunta biyu kamar yadda ta so, ta bar mana Fanna tana 'yar shekara goma sha uku.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da za ta leƙo yau. Ɗakin da take ƙunshi a ciki babu shi, ambaliyar da ta cinye rabin garin nan ta kwantar da shi, har da kaskonta da tulunan turarenta. 'Yan matan yanzu ba sa zaman ƙunshi, zane ake matsa musu daga hoton waya, kafin ka sha shayi ya bushe, kuma na san da ta gani sai ta ce wannan rubutu ne ba lalle ba. Na'urar gwada suga kuwa ta cika kemis, ko'ina ka tsaya za a soke maka yatsa a gaya maka. Amma da za ta zauna a gidan suna ta saurari hira, za ta rantse jiya ta tafi. Har yanzu wadda ƙafarta ta mutu cewa ake sanyi ne ke damunta, har yanzu gyambon da ya ƙi warkewa hannun maƙiya ne. A layinmu kaɗai na san mutum biyu da ke dogara sanda, kuma kowannensu da dariyar silifa ya fara.

Nawa ya bayyana ne ranar ambaliyar. Mun fito daga Gwange cikin ruwa har ƙugu, ni da Fanna, da abin da hannu ya iya ɗauka. Da muka kai tudu muka zauna, wata mata da ban sani ba ta ce, “Hajiya, jini ne fa a ƙafarki.” Na duba, sai ga fasasshiyar kwalba ta shige dugadugina, kuma Allah kaɗai Ya san tun yaushe nake takawa a kanta. Mutane na kukan gidajensu, ni ina kallon ƙafata ina kukan wani abu dabam. Na san wannan baƙon, na taɓa ganinsa a gidan yayata.

An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni na shafa, har na gaji da shafawa. Ina shan magani a kan lokaci, na rabu da abubuwan da bakina ke so, ina tattaki da safe cikin takalmi mai taushi wanda ɗalibaina ke kira na tsofaffi. Kafin in sa shi sai na zura hannu na laluba, ko tsakuwa ta shiga. Ruwan alwala da gwiwar hannu nake gwadawa, bayan na idar in tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Madubin Ya Bintu, wanda shi kaɗai na ɗauko a kayanta bayan rasuwar, yanzu shi nake sa wa a ƙarƙashin ƙafata kowace safiya. Duk da haka mutuwar ƙafar tana hawowa, bara a tafi take, bana ta kai idon sawu. Na tambayi likita ko ƙafar za ta dawo daidai, ya ce abin da za mu iya shi ne mu rage wa mutuwar gudu. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa, amma na fito ban san inda zan kai wannan gaskiyar ba.

Sai ga bikin Fanna. A garin nan uwar amarya ba ta tarbar dangin miji da farar ƙafa, sai a ce ko ba ta son auren ne, ko kuwa don ba ita ta haifa ba. Wannan ta biyun ce ke ci mini rai. Matan dangi sun fara aiko da magana, wai sau ɗaya ba ya kisa, wai ba sai na kusanci kasko ba. Waɗanda suka ji ƙaurin leda a wancan bikin suna cikin masu faɗa. Ni ma na san ba lallen ne ke kisa ba, ɓoyewarsa ce, ga shi kuma akwai wani ɗan kaushi da ya tsage a dugadugina wanda likita ya ce in sa masa ido kullum.

Makon jiya Fanna ta shigo da garin lalle a kwano, ta zauna a ƙasa kusa da kujerata. Ta ce, “Ya Gana, ni zan yi miki da hannuna, irin na Mama. Ba na so a ce ba ni da uwa a wurin.” Ya Gana take kirana, wato ƙaramar uwa. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kawar da kai na kalli taga don kada in ga idonta, na gaya mata komai. Na gaya mata yadda uwarta ta ƙone tana dariya, abin da muka ɓoye mata tun tana ƙarama. Na ce ta yi mini a hannu har gwiwa idan tana so, amma ƙafa a'a, ko duk Yerwa za ta zage ni.

Da na gama na ci gaba da kallon taga, na ɗauka fushi ta yi, ko ta janye jikinta daga gare ni, har zuciyata ta fara cewa na rasa ita ma. Da na kasa jurewa na sunkuyo. Ashe ƙafata tana cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu, hawayenta na ɗiga a kan yatsuna har sun jiƙa zanenta. Na ce tun yaushe, ta ce tun da na fara magana.

Idan na auna abin da ya saura na Ya Bintu, ba shi da yawa. Ƙunshinta ya kwaile daga ƙafar duk wadda ta yi wa, ɗakinta ya bi ruwa, amarenta sun zama kakanni, wasu ma sun bi ta. Ta bar madubi, ta bar ciwo a jininmu, ta bar yarinya mai irin hannunta, wadda nake kallon tafiyarta yanzu da tsoron da ba na gaya mata. Zan shiga bikin nan da farar ƙafa, Ya Bintu, ni da allin makarantarmu launi ɗaya, ki yi mini dariyarki a inda kike. Abin da ban san yadda zan haƙura da shi ba shi ne, 'yarki ta riƙe ni ta yi kuka a kaina, ni kuwa sai da aka gaya mini.