Daɓen ɗakin Inna a Kudan

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Ikara, ni da ƙanena mai aikin lantarki. Ni dai kun san ni, ko kasuwa aike nake yi, amma wannan tafiyar ta Inna ce. Sanyin ƙashi ya matsa wa ƙafafunta, shi ne kwanakin baya ƙanena ya fasa tsohon gadonta na ƙasa, wanda ake zuba wa garwashi a ciki, ya shimfiɗa wata waya mai ɗumama ɗaki a ƙasa. Ya ce a jira ya samo siminti ya rufe. Yanzu mun ɗauko ɗan akwatin da zai riƙa kunna wayar da kansa in an yi sanyi, ya kashe in ɗaki ya ɗumama. Shi na rungume a cinya kamar jariri.

Kafin Makarfi sojoji suka tsare mu. Ɗaya ya karɓi akwatin, ya kara a kunne, ya murɗa, ya ce rediyon nan ya mutu. A tasha muka karya da ƙosai, ya ƙanƙance sai ka lalubo shi a cikin takarda. Mazarƙwaila ce kaɗai ba ta yi tsada ba, na saya wa Inna. Siminti kuwa mun zaga, kowa ya ce an ɓoye. Daga nan sai akori-kura, gonakin rake hagu da dama har Kudan.

Muna shiga ɗakin sai ƙamshin makuba, ƙasa ta yi sumul tana sheƙi. Ashe matan unguwa sun ga siminti ya ƙi zuwa, tsohuwa tana kwana a maƙwabta, suka yi gayya suka zuba tsakuwa a kan wayar, suka wuni suna duka da madaɓi, har da waƙa da guɗa.

Ƙanena ya kafa akwatin a bango. An yi sa'a akwai wuta, fitilarsa ta kama. Muka zauna dirshan, tafin hannu a ƙasa, muna jira. Har la'asar ƙasa sanyi ƙalau. Ƙanena ya gwada ya ce wayar ta tsintsinke wajen dukan daɓen.

“Inna, sai an fasa daɓen.”

“A fasa? Matan nan har hannuwansu sun ɗuri ruwa. Da wane ido zan kalle su? Ka fasa gado na yi shiru, ɗan nan. Wannan kam a'a.”

Can matan suka shigo jin ko ɗaki ya yi ɗumi. Inna ta ce musu ya yi, Allah ya saka da alheri.

Washegari muka dawo Ikara. Na dai koyi abu guda: kada a rushe wa tsoho abin da yake jin ɗumi da shi sai sabon ya kama aiki a kan idonka. Mai gina irin gadon nan a unguwar ya rasu tun bara. Inna tana can kan tabarma, da kaskon wuta na aro a gefen ƙafa.