Littattafan Isa da Na Kusa Zubarwa

Shekara bakwai ke nan da muka kai taubashina Isa makwancinsa a Birmingham, kuma sai bana na yarda ya kayar da ni. Wanda ya san irin bakina ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kafin ya zo Ingila ya kama tuƙin bas a Aston, Isa ma'aikacin gandun daji ne a tsaunukan iyakarmu da Kamaru, yana bin sawun goggon biri. Shi ya gaya mini kowace yamma sai goggon biri ya tanƙwara rassa da ganye ya yi sabuwar shimfiɗa, ba ya komawa ta jiya. Da safe Isa zai hau dutse ya ƙirga abin da suka bari. Ga ta babban namiji mai furfura a gadon baya, wanda garken ke bi, ga na matan. In ya ga ɗan ƙaramin kashi a shimfiɗar uwa, ya san an samu ƙaruwa. Komai sai ya rubuta, har bishiyar da suka ci 'ya'yanta.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan wahala bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba, don maharba sun koya musu tsoron mutum. Da na ji haka, ai na samu abin yi! Duk Sallah in na sauka daga Manchester, a gaban baƙi nake cewa, "Mai gadin aljanu, ya iyalin naka da ba a gani?" A yi ta dariya. Shi dai ya ce, "Suna nan, Garba. Na taɓa shimfiɗarsu da ɗuminta." Ni wasan taubasai nake, amma yana masa ciwo, don har 'ya'yansa sun fara ɗauka tatsuniya yake musu.

Bayan addu'ar arba'in, council, wato hukumar gari mai gidan, na jiran mu fitar da kaya daga flat ɗin da yake haya, aka ɗora mini aikin. Riguna muka yi sadaka da su. Wasu littattafansa na aikin daji da ruwa ya taɓa kuwa, na zuba su a baƙar leda. Har na kai ƙofa, 'yarsa Hadiza, wadda ke jami'a a Salford a lokacin, ta tare ni.

"Kawu, don Allah ajiye. Wannan ba shara ba ce."

Na ce to me za a yi da lissafin aljanu? Ba ta yi dariya ba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shekaru ta yi tana mayar da rubutun nan taswira, ta aika wa masu tsaron dajin da suka gaje shi. Ashe ana shirin sare wani ɓangare, wai babu komai a cikinsa. Suka ɗaura kyamarori a bishiyoyi, daidai inda Isa ya yi alama. Bana Hadiza ta zo har gida ta miƙo mini wayarta da bidiyon da kyamarorin suka ɗauka. Ga ƙaton nan mai furfurar baya yana tafe gaba, mata na biye, jariri maƙale a bayan uwarsa. An fasa saran.

Na sha tambayar kaina me zai ce da yana raye. Na san ba zai yi mini gori ba, cewa zai yi a maido hoton baya ya ƙirga su. Gorin ni na yi wa kaina. Ranar Sallah, a gaban mutanen da suka saba dariyar, na kunna musu, na ce Isa ne mai gaskiya, ni ne mai surutu.

Abin da ya bari ke nan: daji a tsaye, da 'ya wadda ta yarda da ubanta. Abin da ke cina shi ne, ni mai tsiyar aka nuna wa su, shi da ya hau dutsen bai gani ba. Allah ya jiƙanka, mai gadi. Tambayar da na yi ta yi maka, yau ni zan amsa: iyalinka suna nan lafiya, har an samu ƙaruwa.