Ranar da Baba Ya Cire Ƙofar Coci

Kafin kowa ya iso, Baba Mai Makulli ya buɗe coci, ya share, ya jera bencina, ya goge tagogi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, yawancinmu ko sannu ba ma yi masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa tsoro nake ji.

Ga dalili. Shekara shida da suka wuce ikilisiyarmu ta rabu biyu kan shugabancin dattawa, ɓangaren yayana da ɓangaren surukin fasto. Kowa ya rantse zai kulle ɗayan a waje ranar Lahadi. Ni da kaina na je na ce Baba ya ba ni makulli.

"Ɗana, su ma sun zo jiya," in ji shi. "Faɗan nan daga cikinku yake fitowa. Kowa ransa na kan kujera."

Na gaya masa maganar da ba a gaya wa tsoho, na wuce kasuwa na sayo kwaɗon kulle ƙofa.

Ranar Lahadi muka zo da namu kwaɗon, suka zo da nasu, wasu da sanduna a cikin riga. Mata suka ƙanƙame yara. Na san in aka ɗaga sanda ɗaya, sai an ɗauki gawa.

Muka tarar babu ƙofa. Baba ya kwance ta tun da safe, ya jingine ta da bango, ya durƙusa a bakin shiga.

"Mai son duka ya fara da ni," in ji shi. "Almasihu ƙafafun almajiransa ya wanke. Ku kuma a kan kujera za ku zubar da jini?"

Can wata tsohuwa ta raɓa ta gefensa ta shige, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ni da kwaɗo a hannu, babu inda zan rataya shi, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Baba, kai ne ka ƙasƙantar da kanka muka tsira. Na zage ka, ba ka taɓa tuna mini ba. Mun gode, Ubangiji ya saka maka.

'Yan'uwa, wata mai zuwa za a sake zaɓen shugaban dattawa. An fara ƙus-ƙus, an ambaci sunana, kuma na ji daɗi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wannan karon babu Baba a bakin ƙofa. In ba a samu mai durƙusawa a cikinmu ba, ban san wa zai koma gida lafiya ba.