Ranar da na'ura ta ce na sha giya

Shekarun baya, bayan mun tashi daga Glenwood mun koma wajen Sedgefield, na shiga aikin sa-kai na kashe gobara a wata ƙaramar tasha da ke bayan gari, a nan ƙasar Turawa. Kowa da sana'arsa. In an samu gobara sai waya ta yi ƙara, wanda yake kusa ya garzaya. Abokina ne ya ja ni, mutumin Filato, Kirista, tare muke aiki a wani kamfanin ajiye kaya. Cikin shekara biyu har na kai ga tuƙa babbar motar, kuma ba na ɓoyewa, ina ji da wannan matsayi.

Tashar tana da doka a kan giya. Ba a shigo da ita harabar, kuma wanda ya sha ko kurɓi ɗaya ne ba ya amsa kira sai bayan awa takwas. Akwai farin allo a jikin bango, wanda ya sha sai ya rubuta sunansa da lokacin, ko ya yi waya a rubuta masa, don a san ba a lissafa da shi. Wanda kuma aka samu da ita a jiki yana bakin aiki, ana iya sallamarsa gaba ɗaya. Ni da tunda uwata ta haife ni ban taɓa ɗanɗana ba, kallon allon nake yi kamar jerin sunayen masu laifi. Duk Asabar ɗin da na ga sunan abokina sai na ce, "Yau ma an faɗa ke nan?" Shi kuwa ya ce, "Kwalba ɗaya ce, Malam, amma policy policy ne." In girgiza kai irin na wanda ya fi ƙarfin abin.

A wani watan Yuli mahaifiyata ta zo mana ziyara daga Zariya. Ba ta yi kwana uku ba ta ce lemon kwalbar nan ba abin sha ba ne, a samo mata gero. Muka samo a shagon 'yan Afirka, ta jiƙa, ta markaɗa da dankali da citta da kanumfari, ta dama kunun zaƙi irin wanda rabona da shi na manta. Ranar Alhamis ta cika mini wata babbar gora ta ce in kai wurin aiki. Na jefa a but ɗin mota, na manta da ita sam. Wanda ya san zafin Yuli a garin nan ya san abin da but ɗin mota yake zama da rana.

Ranar Asabar da hantsi ina tasha muna wanke tiyo, ƙishirwa ta dame ni, sai na tuna da gorar. Na tarar ta kumbura, da na buɗe ta yi tsaki. Na ɗanɗana na ji tsami-tsami, yana ɗan cizon harshe. A gidanmu kunu ba ya lalacewa, sai dai a ce ya kwana, kuma abin da uwa ta dama da hannunta ba a zubarwa. Na zuba ƙanƙara na zauna na yi ta ɗirka, har na kusa raba gorar biyu.

Can sai kira ya shigo, ciyawa ta kama a bayan wani gida. Na ja babbar motar, muka je muka kashe, abin bai taka kara ya karya ba. A dawowa ina shiga da baya, madubin gefe ya gogi ƙofar tasha ya tsage. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Cif ɗinmu, wani dattijon Bature mai sanyin magana, ya ce ƙa'ida ce duk wanda ya buga mota sai ya hura na'urar gwajin giya. Har dariya na yi. Na karɓa na hura da ƙarfina, ina jiran a ba ni haƙuri.

Ya dubi na'urar, ya dube ni. Ya ce mu jira minti goma sha biyar. Na sake hurawa. Ya juyo mini da ita, na ga lamba, 'yar kaɗan, wadda ko ɗan sanda ba zai tsayar da mutum a kanta ba. Amma dokar tasha sifili take so.

Na ce masa na'urar ta lalace. Ya hura da kansa, ta nuna sifili. Na ce to wataƙila turarena ne. Ya ce ba a shan turare. Na ce man goge baki fa? Ni kaina na san kame-kame nake yi. Ya tambaye ni a hankali, "Me ka sha yau?" Na rantse masa ban sha komai ba sai kunun mahaifiyata, kuma ko a lokacin ban haɗa kunun da maganar ba, na ambace shi ne don in nuna tsarkina. Ya karɓi makullin babbar motar ya ce in je gida, kwamitin tasha zai zauna ranar Talata.

Ban taɓa ruɗewa irin ta ranar ba. Na zauna a motata na kasa tayarwa. Har na fara tunanin ko wani ne ya zuba mini abu, ko wata cuta ce da ni. Na tuna mutanen masallacinmu, na tuna yadda magana take yawo a tsakanin 'yan gida a garin nan, kafin Juma'a an ce wane an kama shi a buge yana tuƙa motar kwana-kwana. Na kira abokina, wanda sunansa ke kan allo tun safe saboda bikin da ya je.

Matarsa ce ta tuƙo shi, ta sauke shi a tasha. Ya saurare ni, ya ce in nuna masa gorar. Yana buɗewa ya kai hanci, sai ya zauna a gefen but ɗin yana dariya har da hawaye.

"Malam, kwana nawa wannan ya yi a mota?"

"Biyu."

"A wannan heat ɗin? Kakata burukutu take dafawa a ƙauye. Hatsi, zaƙi, ɗumi, kwana biyu. Ai ka gama brewing, saura ka nemi customers."

Na ce ai kunu ne. Ya ce da kunu ne, ranar Alhamis.

Faɗa wa mahaifiyata ya fi mini zaman kwamitin wuya. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ni dai kunu na dama, ɗan nan. Abin da ya koma a motarka, kai da Ubangijinka." Ta ƙara da cewa Allah ba ya kama bawa a kan rashin sani, amma ba ta san yadda Turawa suke yi ba.

Ranar Talata ta dama sabo. Abokina ya ajiye gora biyu a gaban kwamiti, sabon da tsohon, ya yi musu bayani tiryan-tiryan kamar malamin kimiyya. Suka sansana, wani ya yi tari. Na ɗauka shi ke nan an wanke ni. Sai Cif ya ce, "Mun yarda ba da gangan ba ne, shi ya sa ba za mu sallame ka ba. Amma dokar ba niyyarka take tambaya ba. Mutum huɗu ne a bayanka a motar nan." Suka dakatar da ni daga tuƙi na wata ɗaya. Na fito ban san ko godiya zan yi ko fushi ba.

Har yau in aka tambaye ni ko na taɓa shan giya, sai na ɗan yi jim kafin in amsa, don ban gama warware wa kaina ba. Abin da na tabbatar shi ne, abokina da nake yi wa kallon mai laifi bai taɓa hawa motar nan da ɗigo a jikinsa ba, ni ne na hau. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan na koma, wata Asabar na sha kunun da ya kwana ɗaya a firij. Wataƙila ba komai a cikinsa, amma na daina yarda da harshena. Na ɗauki alƙalami na je gaban allon, na rubuta sunana a ƙarƙashin na abokina. Da ya gani ya kira ni a waya ya ce, "Malam, yau ma an faɗa ke nan?"

Na ce, "Kofi ɗaya ne, amma policy policy ne."