Ƙwaryar Awon Inna

Wata Laraba a daminar 1994 na dawo daga noma a Babankatami, na tarar da Inna bayan rumbu tana kankare bakin ƙwaryar awonmu da wuƙa. Da ta gan ni sai ta share ɓarɓashin da ƙafa. "Ba ki ga komi ba, ɗiyata," in ji ta. Ni kuwa uwar surutu ce, amma ranar na kama bakina.

A gidanmu komai da wannan ƙwarya ake faɗinsa. Hatsin fura ƙwarya kaza, na tuwo kaza, har na sadakar Juma'a da dussar akuya. Ni ke shiga rumbu in auno, domin ni kaɗai ƙofar ke ɗauka. Babanmu bai dawo daga cirani ba, hatsi ya kusa ƙasa, gero ko kai bai fitar ba. Ga Kaka, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya tafi amma kunnenta na nan garau. Kullum sai ta tambayi ƙwarya nawa aka zuba, kuma mun san halinta: in ta ji an rage, za ta ture akushinta ta ce jikoki su ci. Inna ba ta iya ƙarya, ba ta kuma iya kallon tsohuwa da yunwa. Sai ta bar lissafin yadda yake, ta riƙa rage ƙwaryar. Ina amsa wa Kaka "kamar kullum" da gaskiyata, tuwo yana ƙanƙancewa, na Inna ya fi na kowa.

Haka muka kai lokacin kaka. Ranar da aka gasa tumun farko, Kaka ta ce in miƙo mata ƙwaryar. Ta bi bakinta da yatsa a hankali, ta ce, "Ƙwaryag ga ta rame kamar uwakki." Ashe tun farko ta sani, ta riƙa cin tuwonta don kada wahalar Inna ta tashi a banza. Inna ta juya tana gyara itacen murhu, ni na fashe da kuka.

Yau a Yamai nake, ina rubuta manhajar kwamfuta. A fayil ɗin da ke harhaɗa aiki, sau ɗaya nake rubuta kowane ma'auni in ba shi suna, sauran layuka su riƙa kiran sunan; in na canza shi a wuri guda, ko'ina ya bi. Abokan aiki sun ɗauka a lakwal, wato makaranta, na koya. Duk ranar da na rage wani adadi a can, sai na ji ƙarar wuƙar Inna a bayan rumbu, kewarta ta kama ni.